Tsofaffin Alƙaluma Da Gyaran Bakinsu Don Zane

Jawabin da wani ɗan ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai



Da sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa an ba ni minti ashirin in yi magana, cewa ya yi ana so in yi bayani a kan aikin gwamnati da yadda mutum zai shirya wa ritaya. Na mayar masa da amsa na ce ai a cikin wannan zaure akwai manyan sakatarori da daraktoci da suka fi ni sanin wannan nesa ba kusa ba, ni dai in an yarda, a kan alƙalami zan yi magana. Sai ya bugo mini waya yana ta dariya, ya ce, "Kai har yanzu ba ka rabu da tawadar nan ba?" Waɗanda muka kwana ɗaki ɗaya da su sun san abin da yake nufi. Babu ranar Asabar ɗin da za a yi duba-gari a ɗakin kwana ba a fitar da ni ba saboda shuɗin tabo a aljihun farar riga, kuma firifet ɗin da ya fi kowa ba ni aikin yankan ciyawa saboda haka ga shi can zaune a layi na biyu, yana sunkuyar da kai. Na yafe maka, ranka ya daɗe.

Mun shigo wannan makaranta a 1973, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. A cikin jerin kayan da aka ce kowane sabon ɗalibi ya zo da su, bayan bokiti da fartanya da bargo, akwai alƙalami mai shan tawada da kwalbar tawada. Biro kuwa, in malamin Turanci ya gan shi a littafinka, jan layi zai yi a kan aikin gaba ɗaya, domin a ganinsa biro yana ɓata hannu. Mu a lokacin mun ɗauka tsabar mugunta ce. Sai daga baya na gane cewa biro sai an danna shi yake rubutu, shi ya sa yatsu suke ƙagewa, alƙalamin tawada kuwa nauyin kansa ya ishe shi. Af, kafin in manta, kalmar biro ɗin nan da muke faɗa sunan mutum ne, Laszlo Biro, wani ɗan jarida mutumin ƙasar Hangari wanda ya yi wa ƙirarsa rajista a 1938. Kamfanin Bic na Faransa ya fito da nasa mai arha a 1950, kuma shi ne ya kori alƙalamin tawada daga aljihun jama'a sannu a hankali.

Amma ni tun kafin in zo nan na san alƙalami, kamar yadda akasarinmu muka sani, a makarantar allo. Malaminmu na can yakan zaɓi sillen gamba busasshe, ya sa aska ya feƙe shi, ya tsaga bakin kaɗan, sannan ya ɗora a kan farcen babban yatsa ya datse ƙarshen a karkace. Wannan datsewar ita ce sirrin rubutun, ita ke sa wani gefen harafi ya yi kauri wani ya yi siriri. Ina so ku riƙe wannan a ranku, domin duk abin da zan faɗa game da gyaran bakin ƙarfe da na zinariya, a nan tushensa yake. Bambancin kawai shi ne in malam ya ɓata gamba sai ya jefar ya ɗauki wata.

To, yaya alƙalamin tawada yake aiki? Ba wani abu ba ne illa yoyo da aka yi wa linzami. Tawada tana cikin gangar jiki. A ƙarƙashin bakin akwai wani baƙin abu mai tsagogi sirara, ni maƙogwaro nake ce masa, shi ke jawo tawada kamar yadda lagwani ke jawo kananzir a fitila. Bakin kansa a tsage yake gida biyu, tawada ta bi tsagar har ta kai takarda. Amma in tawada za ta fita, dole iska ta shiga ta maye gurbinta, in ba haka ba ko dai alƙalamin ya ƙi rubutu ko ya amayar da ɗigo a tsakiyar takarda. Wannan matsala ce wani Ba'amurke mai suna Lewis Waterman ya shawo kanta a birnin New York, ya sami rajistar ƙirarsa a 1884. A can ƙarshen baki kuma akwai wata 'yar ƙwaya da ba ta kai ƙwayar gero ba, ta wani ƙarfe mai tsananin tauri da aka liƙa, wanda 'yan kasuwa ke kira iridiyam ko da yake galibi gauraye ne na wasu ƙarafa masu tauri. Ita ce ke gugar takarda. Zinariya ba ta tsatsa, shi ya sa ake yin baki da ita, amma tana da laushi, ba don wannan ƙwaya ba da ba za ta daɗe ba. In kun ga an rubuta 585 a jikin baki, ma'anarsa zinariya ce mai karat 14, wato kashi 58.5 cikin ɗari.

Na fara tara alƙaluma ne ba da niyya ba. Wata rana a Kasuwar Kurmi ta Kano, wajen masu sayar da tsofaffin kaya, na ga wani kwano cike da makullai da agoguna matattu, a ciki kuwa ga alƙalamin Osmiroid irin wanda muka yi amfani da shi a aji uku, wanda ake murɗe bakinsa a sauya wani. Na saya don tuna baya kawai. Yau ina da wajen sittin, kuma uwargida ta ce in na ƙara ɗaya sai dai in zaɓa, ko su ko ita. Ba zan gajiyar da ku da lissafinsu ba. Akwai Sheaffer mai ɗan hannu a gefe wanda ake ɗagawa ya matse 'yar salkar roba da ke ciki, ƙirar da Walter Sheaffer ya yi wa rajista a 1908. Akwai Pelikan na Jamus, wanda tun 1929 yake zuƙar tawada da murɗawa kamar sirinji. Akwai Conway Stewart na Ingila guda biyu. Sannan akwai sarkinsu, Parker 51, wanda aka fara sayarwa a 1941, mai baki a lulluɓe sai ɗan tsinin kawai ake gani. Ku da kuka zauna ajin shugaban makarantarmu na wancan lokaci, Allah ya jiƙansa, kun tuna kibiyar da ke leƙowa daga aljihunsa. In ya zaro ta a gaban asambule, to, wani zai tafi gida.

Mu 'ya'yan talakawa Hero muke riƙewa, na ƙasar Sin, wanda ake ƙerawa a Shanghai. Samfurin Hero 616 kwaikwayon Parker 51 ne ƙiri-ƙiri, har da kibiyar. Wannan kama ta taɓa jawo mini asara. Wani mai sayar da tsofaffin kaya ya miƙo mini alƙalami a nannaɗe cikin ƙyalle, ya ce na wani tsohon Di'o ne. Na duba murfi, na ga sunan Parker, na biya kuɗi masu ciwo ban ko yi ciniki sosai ba don kada ya canza ra'ayi. Da na isa gida na kwance gangar jikin sai na tarar murfin ne kaɗai na gaske, sauran duk Hero ne. Ba laifin kowa ba ne sai nawa, domin da na buɗe a gabansa da na ga babu sunan kamfanin a jikin kwanson ƙarfen da ake matsawa a sha tawada. Tun daga ranar ba na sayen alƙalami sai na kwance shi, kuma ba na fita kasuwa sai da madubin masu gyaran agogo a aljihu, mai ƙara girman abu sau goma.

Yawancin tsofaffin alƙaluman da za ku samu a akwatunan iyayenku ba matattu ba ne, ƙishirwa ce kawai ta kama su. Tawada ta bushe a maƙogwaro shekara da shekaru. Maganin shi ne ruwan sanyi da haƙuri: a tsoma bakin kaɗai a kofi, a bar shi ya kwana, a sauya ruwa, a sake. Kada a sa ruwan zafi, kada a sa fetur ko sifirit, kuma kada a jiƙa dukkan jikin, domin tsofaffin da aka yi da baƙar roba mai tauri suna komawa ruwan ƙasa in sun sha ruwa ko rana. In mai ɗan hannu ne kuma kuka ji hannun ya ƙi ɗaguwa, ku ƙyale shi, salkar ce ta bushe ta zama kamar ƙanzo, in aka tilasta sai ƙarfen ya karye. Sauya salka ba wuya, ana samunta ta intanet, da ɗan dankon shalak ake liƙa ta.

Yanzu bari in zo kan zane, wanda shi ne ainihin abin da ya riƙe ni. Malaminmu na zane, ga shi nan zaune a gaba, Allah ya ƙara masa lafiya, yakan fitar da mu ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya na bakin ɗakin cin abinci, ya ƙwace abin goge fensir daga hannun kowa, ya ce mu zana da tawada. Dalilinsa shi ne wanda ya san ba zai iya gogewa ba, zai kalli abu da kyau kafin ya ja layi. Na bar zane shekara talatin saboda aikin ofis, da na yi ritaya na koma. Nan na tarar da matsala: alƙalamin rubutu layi ɗaya yake bayarwa, kauri ɗaya daga farko har ƙarshe. Mai zane kuwa yana bukatar siririn layi kamar gashi don abin da ke nesa, da kakkaura don inuwar ƙofar zaure, kuma yana so ya same su duka ba tare da ya sauya alƙalami ba, domin mai jakin da kake zanawa ba zai tsaya jiranka ba.

Mutanen da sun san wannan. Tsofaffin alƙaluman Waterman na wajen shekarun 1920, irin su lamba 52, bakinsu na zinariya yana da taushi, in ka danna kaɗan sai harsunan biyu su buɗe layi ya faɗaɗa, in ka sassauta su koma su haɗe. Ina da guda ɗaya tak, kuma ba na fita da shi, domin in aka danna fiye da ƙima bakin ya buɗe ke nan ba zai koma ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ta Japanawa, wadda suke kira fude, wato buroshi. Ana lanƙwasa ƙarshen bakin ya ɗago sama kamar bakin takalmin sarauta. Kamfanin Sailor yana sayar da irinsa iri biyu, mai lanƙwasar digiri 40 da mai 55. In ka miƙar da alƙalamin tsaye, tsinin kaɗai ke taɓa takarda, layi ya fito siriri. In ka kwantar da shi, duk lanƙwasar ta kwanta a takarda, ya zama kamar ka shafa buroshi. In ka juya shi ta baya kuma ka sami layin da ya fi kowanne sirantaka. Ni da kaina nake yin nawa da alƙaluman Sin masu arha: in naɗe bakin filaya da salatif don kada ya yi wa ƙarfen rauni, in kama kamar milimita biyu zuwa uku na ƙarshen, in lanƙwasa a hankali sau ɗaya. Na ɓata bakwai kafin na takwas ya yi.

Sai kuma wāshi, wanda shi ne feƙewar malamin allo a kan ƙarfe. Ana cin waccan 'yar ƙwaya ne a sauya mata siffa. In aka baje ta ta yi faɗi kamar bakin kurfi, layin da ya sauko daga sama zai yi kauri, na kwance ya yi siriri. In aka ci gefunanta biyu ta zama kamar kaifin gatari a tsaye, sai abin ya juya: na tsaye siriri, na kwance mai kauri. Wannan na biyun Turawa suna danganta shi da masu zanen gine-gine, wasu kuma suna kiransa bakin Larabci, kuma gaskiyarsu, domin duk wanda ya rubuta ajami da shi zai ji kamar an dawo masa da gambarsa. Kayan aikin ba su da yawa: samfefa mai laushi lamba 2000 da ɗigon ruwa a kai, sai wata mai lamba 12000 ta gogewar ƙarshe, sai madubi. Ka ja sau biyar, ka tsaya, ka duba, ka gwada a takarda. Kuma kafin ka kai baki ga samfefa, ka fara duba ko harsunan biyu a daidai suke, domin galibin alƙalamin da ke kartar takarda ba wāshi yake bukata ba, harshe ɗaya ne ya ɗara ɗan'uwansa tsawo ko ya ɗago, da farce ma ana mayar da shi. In kuma ka cika gogewa, gefunan tsagar za su yi santsi su kauce wa takarda, ka ɗora alƙalami ya ƙi fara rubutu.

Duk wannan da nake faɗa muku kamar gwani, ba a littafi na fara koyonsa ba. Mahaifina, Allah ya gafarta masa, akawu ne a En'e. Abin da ya bari na duniya bai taka kara ya karya ba, amma a cikin rabona akwai Parker 51 baƙi mai murfin azurfa-azurfa, wanda ya yi aiki da shi fiye da shekara talatin. Da shi ya sa hannu a takardar shigata wannan makaranta. Da na wanke shi na cika shi, sai ya kama rubutu kamar jiya aka ajiye, domin salkar irin wannan samfurin ba ta roba ba ce, ta wata leda ce mai daɗewa. Abu ɗaya na lura da shi: in na riƙe shi yadda na saba, yana ɗan kartar takarda, amma in na karkata shi hagu kaɗan sai ya tafi sumul kamar a kan mai. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na ce ai bakin ne ya ci, bari in daidaita shi, in ma mai da shi na zane gaba ɗaya. Lokacin ban mallaki madubi ba, ban san lambar samfefa ba. Na ɗauko dutsen da ake wasa wuƙar Layya da shi.

Jama'a, ko minti biyar ban yi ba. Da na share bakin na ɗaga shi wajen taga, ƙwayar nan babu ita, sai zinariya tsirara mai kaifi kamar reza. Na ɗora a takarda ya yage ta. Na zauna a wurin har aka kira la'asar ban motsa ba. Daga baya na sayi wani bakin na sa masa, yana rubutu lafiya lau, kowa ya gani zai ce alƙalamin Baba ne. Amma sai da na ƙara sanin aikin na gane abin da na yi. Waccan karkata da na ɗauka lahani ce, hannun Baba ne. Shekara talatin yana riƙe alƙalamin ta fuska ɗaya, takarda tana cin ƙwayar kaɗan-kaɗan har ta ɗauki kwanciyar hannunsa. Duk lokacin da na karkata shi ya tafi sumul, ashe riƙon mahaifina nake yi ban sani ba. Ba mu da muryarsa a kaset, hotonsa ɗaya ne tak. Wannan ne abu na ƙarshe da ya rage wanda jikinsa ya siffanta, ni kuma na goge shi a kan dutsen wuƙa. Ƙanwata har yau ba ta sani ba, sai dai in ta karanta a mujallar nan.

Saboda haka dokata ɗaya ce, kuma ina roƙon duk wanda zai gwada wannan abu ya karɓe ta daga gare ni kyauta: alƙalamin gado a wanke shi, a sauya masa salka, a yi rubutu da shi, amma wāshi da lanƙwasa a yi su a kan na kasuwa mai arha wanda in ya lalace ba mai kuka.

Gargaɗi na biyu a kan tawada ne. Tawadarmu ta allo, ko ta zuge ce ko ta yambar da ake dafawa da bagaruwa, akwai ƙaro a cikinta. Ƙaron nan shi ke sa ta kama allo da takarda, kuma shi ne zai toshe maƙogwaron alƙalami ya bushe kamar siminti. Haka ma baƙar tawadar masu zane da ake kira ta Indiya, wadda galibi akwai shalak a ciki. Waɗannan na alƙalamin tsomawa ne. Ga tsohon alƙalami ba abin da ya fi Quink ta Parker, wadda ta fito tun 1931, ko Pelikan 4001. Mai son ya shafa launin ruwa a kan zanensa ba tare da layi ya narke ba, akwai Platinum Carbon ta Japan, amma a sa ta a alƙalami mai arha kuma a riƙa wanke shi a kai a kai. Sannan ku tuna da yanayinmu. Da hunturu tawada kan bushe a baki in ka bar murfi a buɗe ko na minti ɗaya ne, da bazara kuwa in ka bar alƙalami a mota, iskar da ke ciki ta kumbura ta turo tawada waje. Yanzu dai firifet ɗina ya ji dalilin tabon aljihuna, bayan shekara hamsin.

Wani zai ce, to duk wannan wahala ta mece ce, ga waya mai ɗaukar hoto a aljihun kowa? Ina da hotuna dubbai a wayata waɗanda ban sake kallo ba. Amma marinar Ƙofar Mata da na zauna awa biyu ina zanawa, ko yanzu na rufe ido zan gaya muku inda kowane rami yake. Na yi ta cewa zan je in zana tsohuwar Ƙofar Na'isa, ina ɗagawa yau da gobe, har aka rushe ta a 2010 don faɗaɗa hanya. Wadda aka gina a madadinta ƙofa ce, amma ba ita ba ce.

Wannan ya kawo ni ga roƙona. Ɗazu a rahoton kwamitin ayyuka mun ji cewa za a rushe tsohon ɗakin cin abinci bayan damina a gina sabo, kuma na goyi baya, domin na ga yadda bangon ya tsage. Abin da nake nema a wurin shugaban makaranta da kwamiti shi ne Asabar ɗaya kafin a kawo katafila. A ba ni ɗalibai ashirin masu sha'awa daga kowane aji. Na riga na lanƙwasa alƙaluma ashirin, na sayi tawada da takarda, kuma in an gama na bar wa ɗakin zane su. Mu zauna ƙarƙashin darbejiyar nan mu zana ginin ta kowace fuska, da tagoginsa, da tsohon ƙarfen da ake bugawa a kira mu cin abinci. Abin da ya fito a zaɓi masu kyau a buga a mujallar baɗi, sauran a rataye a sabon ɗakin. Duk ɗan ajinmu da hannunsa bai fara rawa ba, shi ma ya zo. Wanda kuma yake da tsohon alƙalami a gida, ina da tebur a bayan zauren nan har bayan azahar, ya kawo in duba masa, ba na karɓar ko kwabo.

Saura abu ɗaya. A taron bara Malam ya kira ni gefe ya ba ni Sheaffer ɗinsa, wanda ya yi ta jan layi da shi a ƙarƙashin zanenmu, ya ce ya yi shekara ashirin bai sha tawada ba, in gani ko zai tashi. Malam, Allah ya ba ka yawan rai, ga shi na kawo. Na wanke shi, na sa masa sabuwar salka, na cika shi da shuɗiyar Quink. In na riƙe shi yana ɗan kartar takarda, sai na karkata shi dama. Ban taɓa bakin ba.